Universal City: Garin da kuɗin 'yan kallo ya gina

Duk wanda ya taɓa saka kaset ɗin fim ɗin Amurka a bidiyo, da wuya a ce bai san wannan tambarin ba: duniya tana juyawa a sararin samaniya, kiɗa yana tashi, sai ga manyan haruffa sun zagayo ta, UNIVERSAL. 'Yan kallo da yawa sun ɗauka suna ne kawai irin wanda kowane furodusa yake liƙa wa kamfaninsa. To ashe gari ne sukutum da guda. Yana jihar Kalifoniya, a ɗaya gefen tsaunukan nan da aka kafa sunan Holiwud a jikinsu, kuma ana kiransa Universal City. A cikinsa ake shirya finafinai, a cikinsa kuma miliyoyin mutane suke biyan kuɗi duk shekara don a tsorata su, a jiƙa su da ruwa, a jijjiga su har sai hanjinsu ya kaɗa, su fito suna dariya.

Baƙon da ya taso daga tsakiyar birnin Los Angeles zai iya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauka a tashar Universal City, wadda aka buɗe a 2000, daga nan mota ta haura da shi kan tudu. Abin da zai fara cin karo da shi a bakin ƙofa shi ne wata ƙatuwar duniya ta ƙarfe tana juyawa a hankali, jama'a sun yi dandazo, kowa so yake a ɗauke shi hoto a gabanta. Sai jan kafet shimfiɗe har zuwa ƙofar shiga, wai don kowa ya ji kamar shi ne jarumin. Da ya shiga kuwa idonsa zai raina fata. Ga makarantar su Harry Potter can da hasumiyoyinta, ga unguwar su Simpsons, ga sansanin Waterworld, ga hanyar da ke gangarawa wajen dodannin Jurassic da ƙasar Mario. Mutum sai ya rantse wani attajiri ne ya zauna da maginansa, aka zana komai a takarda guda, aka gina, aka yanka zare rana ɗaya. Ko kusa ba haka aka yi ba. Daga ranar da aka fara karɓar kuɗin ɗan kallo a wurin zuwa ranar da aka buɗe ƙasar Mario, shekara 108 ne cif.

Mutumin da ya fara wannan harka sunansa Carl Laemmle, ɗan guntun mutum ne haifaffen garin Laupheim a Jamus. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1884 yana saurayi, ya daɗe yana aiki a wani kantin tufafi a garin Oshkosh, har ya doshi shekara 40 bai taɓa harkar fim ba. A 1906 ya buɗe ɗan ƙaramin gidan majigi a Shikago. Daga nuna fim ya koma rarrabawa, daga rarrabawa ya koma shiryawa, a 1912 kuma shi da wasu abokan sana'a suka haɗa kamfanoninsu aka samu Universal. Ma'aikata kan kira shi Kawu Carl, kuma sunan bai faɗi banza ba, don ya cika kamfanin da dangi, ɗan wa da ɗan ƙane duk an samar masu abin yi. Ashe dai ba a Kano kaɗai ake saka ɗan'uwa a fim ba.

A 1914 ya sayi wata gona mai eka 230 a kwarin San Fernando a kan dala 165,000, a watan Maris na 1915 kuma aka yi bikin buɗe ta a matsayin garin 'yan fim. Garin yana da 'yan sandansa, da 'yan kwana-kwanansa, da gidan waya, har da gidan namun daji inda ake ajiye zakuna da giwaye don finafinai. Bikin bai ƙare lafiya ba, don wani matuƙin jirgin sama mai wasan kasada, Frank Stites, ya faɗo da jirginsa ya mutu. Amma dabarar da Kawu Carl ya zo da ita ta zauna. Sauran kamfanoni suna rufe ƙofa idan za su yi aiki, shi kuwa sai ya kafa benci hawa-hawa a gefen wurin ɗaukar fim, ya ce duk mai so ya biya 'yan sulalla ya shigo. A ba mutum ƙunshin abincin rana, ya zauna yana kallon kaboyi suna harbe-harbe, yana yi wa akta tafi, yana yi wa bos ihu. Idan zai tafi ma ya sayi kayan gona, don har lokacin ana noma a wani sashe na filin.

Duk ɗan fim ɗin da ya taɓa fita lokeshin a Kano ko Kaduna ko Jos ya san wannan cincirindon. Da an kafa kyamara yara da manya za su yanyame wurin, darakta ya yi ta fama, a nemo mai bulala ya kora mutane baya. Irin wannan taron ne Kawu Carl ya duba ya ga kuɗi a ciki.

Abin da ya sa dabarar ta yiwu shi ne finafinan wancan zamani na bebaye ne, hoto kawai ake ɗauka babu murya. Ko da 'yan kallo sun tsaga wurin da ihu, babu abin da zai shiga cikin fim. Sai aka ƙirƙiro fim mai magana a ƙarshen shekarun 1920. Makirfo ba ya zaɓen abin da zai ɗauka, tarin mutum ɗaya ya isa ya lalata fitowa guda. Wajen 1930 dole aka tattara bencin aka rufe ƙofa. Shi kansa Kawu Carl bai daɗe ba, bashi ya ci shi, kamfanin ya suɓuce daga hannunsa a 1936, ya mutu a 1939. Shekara 30 da 'yan kai wurin ya yi babu ɗan kallo, sai masu aiki.

Yadda aka sake buɗewa ma abin dariya ne, don ba son fim ne ya jawo ba, ciki ne. Kamfanin MCA na su Lew Wasserman ya sayi filin a 1958, ya haɗiye Universal ɗin gaba ɗaya a 1962. Wani jami'insu mai suna Albert Dorskind ya lura gidan cin abincin ma'aikata ba ya kawo riba. A lokacin akwai bas-bas na kamfanin Gray Line da ke yawo da baƙi suna nuna masu Holiwud. Sai aka shirya su riƙa shigowa da baƙin nan su ci abinci, ko Allah zai sa su hango wani tauraro yana cin nasa a gefe. Ciniki ya buɗe. Daga nan masu lissafi suka ce, to me zai sa wani ya riƙa cin kuɗin yawon, tunda filin namu ne?

Ranar 15 ga Yuli, 1964, Universal ta fara nata yawon. Jarin duka bai taka kara ya karya ba: motoci biyu ne masu jan taragu, buɗaɗɗu ta gefe, an yi masu fenti fari da ruwan hoda, babba yana biyan dala biyu da rabi. Babu lilo, babu dodo, babu komai. Abin da ake nuna wa mutane shi ne abin da da ma yake nan: ɗakunan canja kaya na taurari, yadda ake yi wa ɗan wasa kwalliya, da titunan bogi. Kuma titunan nan su ne suka fi ɗaure wa mutane kai, har yau. Motar za ta ratsa wani layi mai dogayen benaye, mutum ya ce New York yake, tana shan kwana sai ya ga ashe fuska ce kawai, bayanta katako ne da ƙarafa suka tokare ta. Kwana ɗaya kuma ga shi a Turai, wata kwanar ga shi a garin kaboyi. Masu rakiya kan nuna wa baƙi yadda aka rage tsawon wasu ƙofofi a garin kaboyin don akta ya fito kamar ƙato idan ya tsaya a bakinsu. Ga kuma gidan nan na fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960, wanda aka sha ɗagawa daga wannan wuri zuwa wancan, amma yana nan a tsaye da fuskarsa ta rashin alheri.

Wanda ya zana motocin nan, Harper Goff, tsohon ma'aikacin Walt Disney ne, kuma dole a ɗan leƙa wajen Disney don a gane bambancin hanyar da kowa ya bi. Disneyland tana garin Anaheim, kudu da Los Angeles. Shi Walt Disney gonar lemo ya saya ya gina garinsa cikin shekara guda a kan dala miliyan 17, ya buɗe ranar 17 ga Yuli, 1955, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Ranar ta zo da tsiya. An buga tikitin jabu, mutanen da suka shigo suka ninka waɗanda aka gayyata. Kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba, takalman mata masu tsini suna nutsewa. Masu gyaran famfo sun yi yajin aiki, ruwan sha ya gagara cikin tsananin zafi, abinci ya ƙare, iskar gas ta yi yoyo a wani sashe aka rufe shi. Wasu wasannin ma ba su kammala ba, lilon giwar nan Dumbo sai a watan Agusta ya fara tashi, manyan abubuwa irin tsaunin Matterhorn da jirgin dogo guda kuwa sai 1959. Disney ya sha da kyar, ya gyara, ya yi nasara. Amma caca ya yi da duk abin da ya mallaka. Universal ba ta yi wannan cacar ba, ta fara da abin da ke hannunta.

Matsalar da ta fara bayyana ita ce, aikin fim ba ya jiran baƙo. Wata rana mota ta zo ana ɗaukar fim, wata rana ta zo wurin tsit, ranakun hutu kuwa babu kowa. Kuma duk wanda ya san aikin fim ya san rabinsa jira ne, a gyara fitila, a sake, a kuma sakewa. Ba wanda zai biya kuɗi ya kalli jira. Sai suka fara dasa abubuwa a kan hanyar motar waɗanda za su faru kowane lokaci, ko da tauraro ko babu. A 1968 aka kafa ambaliya: motar ta tsaya a wani ƙauyen Meziko na bogi, a yi tsawa, ruwan sama ya sauko daga bututu, can sai ga ruwa ya kwararo daga kan tudu kamar zai tafi da kowa. Har yanzu ana yin ta, kuma har yanzu na gefe suna jiƙewa. A 1973 aka ƙara wani tafki da ruwansa kan dare gida biyu motar ta bi ta tsakiya, don nuna yadda 'yan fim suke kwaikwayon tsagewar teku ta zamanin Annabi Musa (AS), wannan an daina shi a 2016. A 1974 aka kawo gadar da kan yi kamar za ta karye da mutane a kai. Kowace shekara ko biyu sai an ƙara ɗan wani abu, don wanda ya zo bara ya samu dalilin dawowa bana.

Sai Jaws.

Labarin Jaws ba ya cika sai an kawo Steven Spielberg. Shi kansa ya sha ba da labarin cewa yana saurayi ya shigo yawon buɗe ido a Universal, da aka tsaya hutu ya sulale ya ɓuya a bayi har motar ta tafi ta bar shi, ya wuni yana leƙe-leƙe a ɗakunan ɗaukar fim. Abin da yake a rubuce shi ne, a 1968 wani babban jami'in kamfanin, Sid Sheinberg, ya ga ɗan gajeren fim ɗinsa Amblin' ya ɗauke shi aiki. A 1975, yana da shekara 28, ya fitar da Jaws, labarin wani ƙaton kifin shak mai cin mutane a bakin teku. Wajen ɗaukar fim ɗin kifin injin ya ba su wahala, ruwan gishiri yana lalata shi kullum, dole Spielberg ya riƙa ɓoye shi yana nuna ruwa da kiɗa kawai, abin da ya ƙara wa fim ɗin ban tsoro. Fim ɗin ya karya tarihin ciniki na lokacinsa. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1976, sai ga kifin a tafkin Universal. Motar za ta gangaro bakin ruwan ƙauyen Amity, mai rakiya yana ta surutu wai an riga an kama kifin kowa ya kwantar da hankalinsa, can sai ruwa ya motsa, sai ga ƙaton baki da haƙora dab da gwiwar na gefe. Kowa ya san roba ce da ƙarfe. Amma wallahi sai an yi ihu.

Daga Jaws ne suka gane inda kasuwar take. Mutane sun ƙoshi da ganin yadda ake yin fim, yanzu so suke a jefa su cikin fim ɗin. Kuma suka gane wani abu na biyu: a bari gidajen silima su fara yanke hukunci. Fim ɗin da ya ci kasuwa shi za a gina wa wuri, tunda ya riga ya tara masoyansa.

A 1986 suka yi abin da ya fi ƙarfin duk na baya, King Kong. Motar za ta shiga wani ƙaton ɗaki mai duhu da aka mayar New York da dare, ta hau gada, sai ga goggon biri mai tsawon ƙafa 30 ya riƙe gadar yana jijjigawa, yana ruri a fuskar mutane. Bob Gurr ne ya ƙera shi, shi ma tsohon ma'aikacin Disney. Har warin ayaba aka sa numfashinsa yana yi. A 1989 aka ƙara girgizar ƙasa: tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta San Francisco, rufi ya rufto, tankar mai ta zamo ta kama da wuta, jirgi ya kauce daga dogo, ruwa ya ɓalle. Motar na fita komai ya koma mazauninsa, yana jiran ta baya.

Duk wannan fa a cikin motar ake ganinsa. Shekara 27 wurin ya yi ana zuwa, babu wani abin hawa na kansa wanda mutum zai bi layi ya hau, sai dai wasannin dandamali a saman tudu inda 'yan kasada suke nuna faɗa da tsalle daga bene. Dalili kuwa ƙasa ce. Saman tudun ya cika, sauran filin yana can ƙasa a cikin kwari inda ɗakunan ɗaukar fim suke. A 1991 aka warware wannan da wata doguwar matakala mai tafiya da kanta, hawa-hawa, mai tsawon kimanin rubu'in mil, wadda suka sa wa suna Starway. Duk baƙon da ya hau ta zai so ya tsaya a tsakiya, don daga nan ne ake ganin kwarin San Fernando shimfiɗe, ga rufin ɗakunan fim jere kamar rumbunan gyaɗa, ga sutudiyon Warner Bros can a Burbank. Daga nan ne kuma mutum zai tuna cewa wurin nan masana'anta ce tun kafin ya zama wurin wasa. A ƙasan matakalar aka buɗe E.T. a wannan shekarar, inda mutum kan hau keke ya tashi sama da shi, a ƙarshe halittar nan ta kira sunansa ta yi masa ban kwana. Back to the Future ya biyo baya a 1993 a saman tudu, tare da CityWalk, layin kantuna da gidajen abinci da silima da ke wajen ƙofa.

Sau ɗaya aka ga sun saɓa ƙa'idarsu ta jiran kasuwa kuma abin ya yi kyau. An fara zanen jirgin ruwan Jurassic Park tun fim ɗin bai fito ba. Fim ɗin ya fito a 1993, wurin ya buɗe a watan Yuni na 1996, kuma ya ci dala miliyan 110, alhali fim ɗin kansa bai kai miliyan 70 ba. A tsaya a duba wannan lissafin: wasan 'yan mintoci ya fi fim ɗin tsada. Amma fim yana gama yayinsa a silima, shi kuwa jirgin ya yi shekara 22 yana faɗowa da mutane daga tsayin ƙafa 84, kafin a rufe shi a 2018 a sake masa fasali ya dawo da sunan Jurassic World a 2019. Wani abin mamakin kuma shi ne Waterworld. Fim ɗin Kevin Costner ne na 1995, wanda ya fi kowane fim cin kuɗi a lokacinsa, 'yan jarida suka yi ta yi masa ba'a. Amma wasan da aka gina a kansa, mai babura na kan ruwa da wuta da jirgin sama da ke faɗowa ta kan katanga, ya haura shekara 25 ana cika dandalinsa. Da yawa daga masu tafin ba su taɓa ganin fim ɗin ba.

To ina aka kwana da masu cewa ai da kuɗi a hannu gara a gina komai a buɗe rana ɗaya? Universal da kanta ta gwada, kuma ta ji a jikinta. Ganin yadda King Kong ya karɓu, sai suka farfaɗo da tsohon shirinsu na gina wani garin a Orlando ta jihar Fulorida, a ƙofar gidan Disney. Disney kuwa ta yi wuf ta riga su, ta buɗe nata garin finafinan, Disney-MGM Studios, ranar 1 ga Mayu, 1989. Universal ta shiga sauri, sauri kuwa ya haifi nawa. Ranar 7 ga Yuni, 1990 aka buɗe, bayan an kashe fiye da dala miliyan 600, taurari sun hallara, kyamarori sun kafu. Manyan abubuwa uku da aka yi ta talla a kansu, King Kong da girgizar ƙasa da Jaws, duk suka ƙi aiki yadda ya kamata. Mutane sun sha rana a layi sun koma da fushi, dole kamfanin ya riƙa raba tikitin dawowa kyauta. Kong da girgizar ƙasa sun gyaru daga baya. Kifin kuwa halinsa na 1975 ya maimaita: bayan 'yan watanni aka rufe shi, aka kai kamfanin da ya ƙera shi kotu, aka rushe aka sake, bai dawo ba sai 1993. A Holiwud idan sabon abu ya lalace, motar sai ta wuce shi ta tafi na gaba, baƙo ma ba lalle ya sani ba. A Fulorida babu inda za a ɓoye.

Masu bin labarin masana'antar finafinan Hausa za su tuna 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta sanar za ta gina dandalin shirya finafinai a Ƙofa ta jihar Kano, a kan kimanin naira biliyan 3. An lissafo abubuwa da yawa a tashi ɗaya, da wurin koyon aiki, da ɗakin ɗaukar fim, da otal, da kantuna. Malamai da jama'a da dama suka nuna rashin amincewa saboda dalilan tarbiyya, aka janye shirin tun ba a aza tubali ba. Rigimar Ƙofa daban ce da ta Fulorida, wannan ba a musu. Sai dai da aka janye, 'yan fim ba su tsira da ko ɗaki ɗaya ba, don komai a cikin ƙunshi guda aka ɗaure shi.

A koma Universal City. Garin da ake ginawa kaɗan-kaɗan, kaɗan-kaɗan ake rushe shi, kuma wannan ne ɓangaren da ke yi wa tsofaffin masoya ciwo. Filin ba ya ƙaruwa, duk sabon da zai shigo sai wani ya tashi. E.T. ya tafi a 2003, The Mummy ya gaje wurinsa a 2004. Back to the Future ya ba Simpsons wuri a 2008. Terminator 2 mai tabarau, wanda aka buɗe a 1999, ya sauka a 2012, 'yan rawayan halittun nan na Despicable Me suka shige gidansa a 2014. Ko tsohon ɗakin ɗaukar fim mai lamba 28, inda aka yi The Phantom of the Opera a 1925, bai tsira ba, an rushe shi a 2014. Shi kansa kamfanin hannu nawa ya shiga: Matsushita na Japan a 1990, sai Seagram, sai Vivendi na Faransa, sai General Electric, kafin ya zauna a hannun Comcast. Kowane mai gida da irin abin da yake so ya gani.

Wanda wuta ta ci kuma daban. Garin katako ne, gobara ba baƙuwarsa ba ce, ta yi ɓarna a watan Nuwamba na 1990, amma ta ranar 1 ga Yuni, 2008 ita ce ba a mantawa. Ma'aikata sun yi gyaran rufi da na'urar hura wuta cikin dare, suka tashi, kafin asuba wuta ta kama. Ta cinye layin New York, ta ci wani sashe na dandalin kotun nan na Back to the Future, ta ci wani rumbun ajiyar kaset-kaset. A 2019 jaridar New York Times ta fallasa cewa a cikin rumbun har da ɗimbin faifan asali na manyan mawaƙan Amurka, kodayake kamfanin waƙar ya ce an zuzuta yawan asarar. King Kong ma ya ƙone ƙurmus, bayan shekara 22 yana ruri. Washegari aka buɗe ƙofa, motar ta ci gaba da yawo, har tana bi da baƙi ta kusa da tokar. Ba su sake ƙera birin ƙarfe ba. A 2010 Peter Jackson, wanda ya yi fim ɗin King Kong na 2005, ya dawo da shi a matsayin hoto mai fitowa, ana sa tabarau, bango biyu na majigi sun sa motar a tsakiya, biri da dodanni suna kokawa ta kanta. Yana da kyau, ba laifi. Amma wanda ya taɓa jin hucin ayaba a fuskarsa zai ce da sauran magana.

Manyan ƙare-ƙaren baya-bayan nan, Transformers a 2012, unguwar Harry Potter a watan Afrilu na 2016, da ƙasar Mario a watan Fabrairu na 2023, sun sa wasu baƙin suna wuni a wurin ba su ko leƙa motar taragu ba. Asara suke yi. Tafiyar kusan awa guda ce, kuma ita kaɗai ce take shiga inda ake aikin gaske. Ita ce za ta bi da mutum ta gaban otal ɗin Bates, inda wani ɗan wasa kan fito da wuƙa ya biyo motar, ta kai shi cikin tarkacen jirgin Boeing 747 na gaske wanda Spielberg ya sa aka farfasa don War of the Worlds na 2005, kujeru da akwatuna warwatse a tsakiyar unguwa. Hanyar ma ba ta da tabbas, don idan an tare wani layi ana ɗaukar fim, sai direba ya canja. Wani lokaci kuma motar tana tafe sai mai rakiya ya rage murya, ya ce jama'a a yi haƙuri a yi shiru, ana aiki a nan kusa. Sai ya kashe lasifikarsa, taragu huɗu cike da mutane su lallaɓa su wuce, kowa yana miƙa wuya ko zai hango wanda ke gaban kyamara.